Ruwa Ke Ɗauko Zafi, Iska Ke Fitar da Shi

Kwamfutar gem da aka haɗa a Sabha cikin Janairu ba ta nuna halinta sai Yuni ya kama. Da hunturu daren wannan gari, hedikwatar yankin Fezzan a kudu maso yammacin Libiya, yakan sauko wajen digiri 5, har sai an nemi bargo. A irin wannan sanyi ko yaya aka ɗaura fanka aiki za ta yi. A juya ta gaba, a juya ta baya, lambobin zafi za su fito tsaf, mai kwamfuta ya ɗauki hotonsu ya tura wa abokai. Da bazara ta zauna, rana ta fara taɓa digiri 40 tana wucewa, sai labari ya sha bamban. Fankoki su kama kururuwa, wasa ya riƙa tafiya yana cijewa, wani lokacin ma na'urar ta ɗauke ɗif ana tsakiyar fafatawa. Zargin farko da ke zuwa wa matashi shi ne an sayar masa da jabu. Sau da yawa kuwa kayan lafiyarsu lau, hanyar iska ce ba a shirya ba.

Maganar ta shafi 'ya'yan Hausawa da dama, domin Hausa ba baƙuwa ba ce a Fezzan. Tun zamanin da ayari ke kai turkuɗi da fatun Kano Gat da Murzuk har Tarabulus ake jin ta a nan. Yau kuma samari daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Katsina da Kano suna bin Agadas da Dirku, su ɓullo ta Gatrun, su sauka a unguwanni irin su Gurda da Mahdiya. Wasu gini suke yi, wasu gona, wasu gareji. Wasu kuwa sun samu gurbi a shagunan gyaran waya da kwamfuta, ko a gidajen gem inda ake biyan kuɗin awa a buga FC da PUBG da Call of Duty. Da yaron shagon da maigida ya miƙa wa kwalaye ya ce ya haɗa, da wanda ya yi watanni yana tara dinari don ya mallaki tasa, matsalarsu ɗaya ce. Kayan nan daga gaɓar teku suke zuwa, tafiyar da ta haura kilomita 700 a mota daga Tarabulus, kuma takardar garantin da ke cikin kwali ba ta san hanyar kudu ba. Abin da ya lalace a nan, mai shi ne zai rungumi asara.

Abin da ya kamata ya fara zama a kan matashi shi ne ruwa ba ya kashe zafi, ɗauko shi kawai yake yi. Direban Hilux da ke ƙetare Tenere ya fi kowa sanin haka. Ruwa na zagaya inji ya kwaso zafi ya kai lagireto, iska ta ratsa lagireton ta tafi da shi. Ranar da yashi ya toshe lagireto ko fanka ta mutu, ruwan nan da ake taƙama da shi tafasa zai yi. Na'urar sanyaya kwamfuta da ruwa haka take, ƙanƙanta ce kawai. Akwai farantin jan ƙarfe manne a kan furosesa, ƙaramin famfo a bayansa, tiyo biyu, sai lagireto mai tsawon milimita 240, 280 ko 360 da fanka biyu ko uku a jikinsa. Irin wadda ake sayarwa a rufe, ba a buɗe ta ba a ƙara mata ruwa, ta bazu ne bayan Corsair ya fito da H50 a 2009, wadda kamfanin Asetek na Denmark ya ƙera masa. Gaskiya ne ruwa gwanin ɗaukar zafi ne: abin da lita guda ta ruwa za ta ɗauka sai an tara iska wajen lita 3,500. Amma ruwan da ke cikin na'urar bai kai rabin lita ba. Cikin minti 15 zuwa 30 na wasa ya ƙoshi, daga nan kuma komai ya koma hannun iskar da ke ratsa lagireto. Shi ya sa gwajin minti 5 da ake yi a shago kafin a miƙa wa mai kaya ba ya nuna komai. A bar ta ta yi awa guda tana wasa mai nauyi, murfi a rufe, a ɗakin da za ta zauna.

Daga nan sai gaskiya ta biyu, wadda ta fi ɗaci ga mazaunin Sahara: ruwan ba zai taɓa fin iskar ɗaki sanyi ba. Masu gwajin kayan kwamfuta na Amurka da Turai da samari ke kallo a YouTube yawanci a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke aikinsu. Idan ɗayansu ya ce furosesa ta tsaya a 75, to wanda ɗakinsa ke kan 38 ya ƙara bambancin nan na digiri 16 a kai, ya ga ya doshi 91. Intel ya sa wa irin su Core i9-14900K iyaka a digiri 100, AMD ya sa wa yawancin Ryzen 7000 iyaka a 95, Ryzen 7 7800X3D da 'yan gem ke so kuwa a 89. Da an taɓa iyakar furosesa za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wannan ne cijewar da ake gani a wasa. Rarar digiri 20 da Bature ke da ita, wadda ke rufa masa asiri ko ya yi kuskure, ɗan Sabha ba shi da ita.

Lissafin zafin ba shi da wuya. Duk wat ɗin da kwamfuta ta ja daga soket zafi yake komawa, babu ragi. Ryzen 5 5600 an rubuta mata wat 65, katin hoto RTX 3060 wat 170. A can sama kuma 14900K na jan har 253, RTX 4090 na 2022 yana jan 450, RTX 5090 da ya fito a Janairun 2025 yana jan 575. A ɗauki na'ura mai jan wat 500 tana wasa. In ana so iskar da ta shiga akwati ta fita ba ta ƙara fiye da digiri 10 ba, sai kusan kubik mita 150 ta ratsa shi a kowace awa. Wannan lissafin iska mai sanyi ce a bakin teku. Sabha ta haura mita 400 sama da teku, iskarta ta bazara kuma mai zafi ce, don haka ta fi sauƙin nauyi da kusan kashi 10 cikin 100, abin da ake bukata ya tashi zuwa wajen 165. Fanka mai kyau ta milimita 120, irin NF-A12x25 ta kamfanin Noctua na Ostiriya, kubik mita 102 aka rubuta mata, shi ma tana gudu 2,000 a minti kuma ba abin da ya tare mata gaba. A sa mata ragar tace ƙura a gaba da lagireto a baya, abin da ke wucewa ya ragu ƙwarai. Fanka uku masu shigar da iska ba ado ba ne a Fezzan.

Sai dai fankar da aka juya baya gara babu ita. Kowace fanka fuska biyu gare ta. Ɗaya a buɗe take, fuka-fukai ne kawai. Ta nan iska ke shiga. Ɗayar tana da sanduna, yawanci huɗu, da ke riƙe da motar, ta nan waya ke bi, a nan kuma ake liƙa takardar da ke ɗauke da lambobi. Ta nan iska ke fita. Da yawa suna da 'yan kibiyoyi biyu a gefe, ɗaya na nuna juyawar fuka-fukai, ɗaya na nuna inda iska ta nufa. Wanda bai gamsu ba ya yago takarda marar nauyi ya kai bakin fankar tana juyawa, ya ga tsotsa take ko turowa. Wannan gwajin ya ƙara zama dole tun da Lian Li da wasu kamfanoni suka fara sayar da fankoki masu juyayyun fuka-fukai, waɗanda aka yi don kyakkyawar fuskar mai fitilu ta kalli cikin akwati alhali iska na shigowa ta bayanta. A ido kusan iri ɗaya suke da na yau da kullum, sai an duba kwali.

Hanyar da aka saba ita ce iska ta shigo ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. Kurakuran da aka fi yi a nan ba su da yawa. Akwai mai juya duk fankoki waje, wai don a kori zafi, ya manta sai iska ta samu ƙofar shiga. Akwatin nan zai riƙa zuƙo ta ta kowace kafa, da ƙurarta. Akwai mai ɗaura fanka a gaba da bayan lagireto suna kallon juna, kowace na ture 'yar'uwarta. Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba: fankar fitarwa a sama can kusa da gaba, wadda ke sace iskar da ta shigo yanzun nan kafin ta taɓa komai.

Inda gardama take shi ne mazaunin lagireto. A gaba yana shigar da iska, ko a sama yana fitar da ita? Yawancin hotunan talla a sama suke nuna shi, kuma hujjar masu wannan ra'ayi ba ta banza ba ce: zafin furosesa na fita kai tsaye, katin hoto na samun iskar gaba da ba a ɗumama ba. A ƙasar sanyi duk wanda aka zaɓa ba a yi asara ba. A Sabha kuwa gara a zauna a yi lissafi. Lokacin wasa katin hoto ne ke cin wuta, furosesa sau da yawa ba ta wuce wat 100 ba. Wat 100 a cikin iska kubik mita 100 a awa digiri 3 kacal zai ƙara mata. Abin da kati zai biya ke nan in lagireto na gaba. A juya lissafin. Kati mai wat 300 da ke zubar da zafinsa a cikin akwati zai ɗaga iskar ciki da wajen digiri 7, ko da iska na gudana da kyau, kuma ita ce lagireton sama zai shaƙa. Katunan Founders Edition na NVIDIA ma tun 2020 an ƙera su ne su tura wani ɓangare na zafinsu sama kai tsaye. Ɗaki na 38, lagireto na shaƙar 45, ruwa kuma dole ya fi iskar da ke sanyaya shi zafi, sai ya tasar wa 50 ya wuce. Masu ƙera famfunan nan da yawa digiri 60 suke sa wa ruwa iyaka. Kuma tun kafin a kai can akwai wata ɓarna da ba a gani: ruwan yana silalewa a hankali ta jikin robar tiyo, shekara da shekaru, kuma zafi na ƙara masa sauri.

Saboda haka ga mai ɗakin da sanyinsa ba tabbas ba, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne lagireto ya zauna a gaba, ko a gefe in akwatin na da gurbin, a bayan ragar tace ƙura, yana shigar da iska. Lagireton zai rage yawan iskar da ke shigowa, wannan ba a musu. Maganinsa fanka ɗaya ko biyu a ƙasa masu hura wa kati kai tsaye, in akwatin ya yarda, da fankar fitarwa a baya da wata a sama can ƙurya. Wanda ke da na'urar sanyaya ɗaki da ba ta mutuwa da furosesa mai wat 65, ya sa a sama hankali kwance, sai dai ya auna kada lagireto ya ci karo da ram. Abin da ba shi da kyau shi ne a kwaikwayi hoton intanet don kawai ya yi kyau.

Akwai kuma batun kumfa. Babu na'urar da aka cika ta maƙil, kullum akwai 'yar iska a ciki, kuma iska sama take nema. Idan famfo ne ya fi komai tsawo a cikin zagayen, a nan za ta taru, famfon ya riƙa juyawa rabi a ruwa rabi a iska, yana ƙara yana cin kansa. Steve Burke na tashar Gamers Nexus ya nuna wannan ƙarara a wani bidiyo a Agustan 2020, inda aka ga yadda kumfar ke yawo a cikin na'urar, har ya nuna cewa hotunan tallan wasu kamfanoni ma a karkace suke. Ƙa'idar gajera ce: wani ɓangare na lagireto ya fi famfo tsawo. Lagireto a sama ba shi da wannan damuwa. A gaba, an fi so bakin tiyo ya kasance ƙasa, don kumfa ta taru a ɗaya ƙarshen inda ba ta damun kowa; in tiyon bai kai ba ko kati ya tare hanya, a sa shi sama, muddin saman lagireto ya ɗara famfo, illa iyaka a riƙa jin ɗan ƙulululu. Wanda ba a yi shi ne lagireto a ƙasan akwati. Na'urar da ta sha jijjiga a bayan mota daga arewa takan zo da kumfa a cikin famfo, don haka a kunnawar farko a karkata akwatin a hankali gaba da baya na ɗan lokaci har ƙarar ta lafa.

Sai babbar abokiyar gaba, ƙura. Ruwan saman da ke sauka a Sabha a matsakaicin shekara bai kai milimita 20 ba, babu abin da ke kwantar da ita. Daga ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara gibli kan taso daga kudu, iska mai zafi da ke mai da sama ja, ta shigar da gari ta ƙasan ƙofa da jikin taga ko an rufe. Ɗan Kano ko Sakkwato ya san irinta a buji da hazon hunturu. Siraran fallayen alminiyam na lagireto a matse suke, ƙura na samu ta yi musu bargo, iska ta daina wucewa alhali fankoki na ta juyawa, mai shi na ganin komai daidai.

Maganin farko shi ne iskar da ke shiga ta ɗan rinjayi wadda ake fitarwa. In haka ta samu, rarar za ta riƙa fita ta kafofin akwati, ƙura kuma ba ta da hanya sai ta raga. Ba a gane wannan da ƙirga fankoki, domin uku a bayan raga da lagireto suna iya kasa biyu da ke fitarwa ba shamaki. A kunna turaren tsinke a kai kusa da ramukan bayan akwati, inda babu fanka: hayaƙi ya kauce waje, an dace, ya shige ciki, a rage gudun masu fitarwa ko a cire ɗaya. Ragar sama mai maganaɗisu, in saman fitarwa yake yi, tare hanya kawai take, a cire ta lokacin aiki, a mayar in an kashe, a lulluɓe akwatin da zane. A ɗaga shi daga ƙasa ya hau tebur, musamman a ɗakin da aka shimfiɗa kafet, domin fankar akwatin wuta ƙasa take kallo. Hayaƙin sigari da na shisha kuma suna mai da ƙura danƙo, wadda hurawa ba ta fitar da ita.

Lokacin gibli a wanke raga duk mako, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Lagireto a haska shi da tocila duk wata. In za a hura, a zare wuta tukuna, a hura daga inda iska ke fita zuwa inda take shiga, don ƙurar ta koma ta hanyar da ta zo, a kuma danne fuka-fukan da yatsa kada su yi ta wulwulawa su lalata kansu. Injin iska na mai faci yana da jan hankali don ƙarfinsa, amma yakan feso ruwa da mai, ƙarfin kuma na lanƙwasa fallayen. Busasshiyar iskar Sahara na tara lantarki a jikin mutum, wanda ke iya kashe ƙananan kayan madabod ba a ji ba a gani, don haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a sa hannu ciki.

Dabarar cire murfin gefe a juyo fankar ɗaki ciki kowa ya san ta. A matsayin gwaji tana da amfani: in an buɗe zafi ya faɗi sosai, akwatin ne ke shaƙe kayan. A matsayin zaman dindindin kuwa gayyatar ƙura ce.

Shi ya sa zaɓen akwati ya fi yadda samari ke ɗaukarsa muhimmanci. Gilashi gaba, gilashi gefe, fitilu na canza launi, abin sha'awa ne a shago. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. NZXT H510 na 2019 ya yi kasuwa saboda kyau, ya kuma sha suka saboda gabansa a rufe yake, har kamfanin ya fito da H510 Flow mai huji-huji a 2021. Fractal Design na Suwidin ya riga ya nuna hanya da Meshify C a 2017, Corsair ya biyo da 4000D Airflow a 2020. Wanda zuciyarsa ta nace sai gilashi ya nemi irin O11 Dynamic, wanda Lian Li ya fitar a 2018 tare da Bajamushe Roman Hartung, domin shi ta gefe da ƙasa yake shaƙa. Kwaikwayonsa masu arha da suka cika kasuwa a duba su da kyau, wasu ramukansu ba su kai a kira su ramuka ba.

Ko an gama gyara cikin akwati, zafin da ya fita ɗaki ya shiga. Mutum a zaune yana fitar da wajen wat 100, ke nan kwamfuta mai 500 tamkar an ƙara mutum 5 ne a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga saboda ƙura. Gidan gem mai na'ura 10 irin wannan wat 5,000 ne, ban da jikin 'yan wasa, alhali na'urar sanyaya ɗaki mai lamba 12,000 wajen wat 3,500 take iya kwashewa. Mai gidan gem da bai yi wannan lissafi ba zai yi ta canza fanka a banza. A bar tazarar taki guda ko fiye tsakanin bayan akwati da bango, kada a cusa shi cikin durowar tebur, kada kuma a jera na'urori yadda bayan wata ke hura wa gaban wata.

Wuta ma sai an sa ta a lissafi. Duk da tashar Ubari mai megawat 640 da kamfanin Enka na Turkiyya ya gina, kudancin Libiya ya sha ɗaukewar wuta ta awanni masu yawa a bazara, har tana cikin abin da ya fito da mutane kan titi a 2020. In kamfanin wuta na GECOL ya ɗauke, ƙaramin janareta na iya ɗaukar kwamfuta, amma ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. A wannan hali rage wutar da na'urar ke ci ya fi ƙara gudun fanka. Ryzen na da Eco Mode a BIOS, na Intel ma ana iya sa musu iyaka a can. Da manhajar MSI Afterburner ana iya sauke katin hoto zuwa kashi 75 ko 80 na wutarsa, abin da ake rasawa a santsin wasa kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da aka rage. Wanda monitarsa ke nuna hoto 60 a daƙiƙa kuwa ba shi da dalilin barin kati na zana 200 yana dafa ɗaki. Ya ɗaure shi a cikin saitin wasan. Mai Intel na ƙarni na 13 ko 14 ya sabunta BIOS, domin gyaran da kamfanin ya fitar a Agusta da Satumban 2024 na hana wutar da ta wuce kima lalata furosesa ne.

Duk wannan sai da awo, awon kuma sai an san inda aka ajiye ma'auni. Libiya ta riƙe kambin wuri mafi zafi a duniya shekara 90 saboda digiri 58 da aka rubuta a Aziziya ranar 13 ga Satumban 1922, sai a 2012 Hukumar Yanayi ta Duniya ta soke shi, bayan ta gano matsala a ma'aunin, da mai karanta shi, da kuma irin daɓen da aka kafa shi a kai. Don haka sai matashi ya sayi ƙaramin ma'aunin zafi ya ajiye a bakin ragar gaba, ba a bango kusa da na'urar sanyaya ɗaki ba. Ya buɗe manhajar HWiNFO, ya rubuta zafin furosesa da na kati da na ruwa in na'urar na nunawa, ya cire na ɗaki daga kowanne. Wannan bambancin shi ne abin bi. Ya sauya abu ɗaya, ya sake awo, sannan ya taɓa na biyu. Famfo a bar shi da gudu ɗaya ba hawa ba sauka. Fankokin lagireto kuwa, inda hali ya yi, a ɗaure gudunsu da zafin ruwa, domin na furosesa tsalle yake yi duk daƙiƙa, fankoki su yi ta ihu suna shiru ba gaira ba dalili.

Akwai tambayar da mai shago ba zai yi wa matashi ba: shin yana ma bukatar ruwan? Ga furosesa mai wat 65 zuwa 120, na'urar iska mai hasumiya biyu, irin Peerless Assassin 120 ta Thermalright ko NH-D15 da Noctua ya fitar tun 2014, ta wadatar. (Su ma akwai ɗan ruwa a rufe cikin bututunsu na jan ƙarfe, yana tururi yana komawa, ba famfo.) Abin da zai iya mutuwa a jikinta fanka ce, fanka kuwa ana samu a kowane shago. Wanda ya kai ga haɗa zagayen ruwa da hannunsa, da tanki da tiyo, ya nisanci ruwan famfo da na rijiyar burtsatse, gishirin cikinsu zai toshe farantin; tataccen ruwa ake sawa da maganin hana tsatsa da gansakuka, in kuma ruwan batir zai saya ya tabbatar ba mai asid ba ne. Kada ya haɗa jan ƙarfe da alminiyam a zagaye ɗaya, suna cin juna. Bututun roba mai tauri na PETG kuma yana laushi in ruwa ya yi zafi, har ya zame daga mahaɗinsa.

Na'urar ruwa ta rufen ma ba ta dawwama. Garantin masu kyau shekara 5 ko 6 ne, a zafin Fezzan kuma bai kamata a sa ran ta wuce haka ba. Alamun ta fara gajiya a fili suke. Zafin furosesa na hawa tun ba a buɗe wasa ba, ƙulululun ruwa ya ƙi ɗaukewa ko an karkata akwati, tiyo ɗaya ya yi zafi ƙwarai ɗayan na sanyi, lagireto kuma a taɓa a ji shi salam alhali lambobi na kan 90. In an ga haka a kashe nan take, a duba wayar famfo ko ta zare, a duba BIOS ko yana ganin gudunsa. In ya nuna sifili, famfo ya tafi, ba a gyara shi. Ƙaramar fankar da ke zuwa a kwalin wasu furosesa, wadda samari ke yarwa ko su kyautar ranar da suka ɗaura ta ruwa, ita ce za ta riƙe na'urar kafin sabuwa ta iso, don haka a adana ta tare da sukurorinta da ɗan man shafawa na kan furosesa.